Shimfiɗar fuska da shimfiɗar tabarma: tunani kan maraba da masu dawowa biro

Ranar 16 ga watan Satumba na shekarar 2024, shugaban kamfanin Amazon, Andy Jassy, ya aike wa ma'aikatansa takarda yana sanar da su cewa daga ranar 2 ga Janairu 2025 kowa zai riƙa zuwa biro kwana biyar a mako, kamar yadda ake yi kafin annobar korona. Wata huɗu bayan haka, ranar 20 ga Janairu 2025, wato ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan umurnin da ya soke aiki daga gida ga ma'aikatan gwamnatin tarayya. A Faransa kuwa, ɗaruruwan ma'aikatan Ubisoft, kamfanin da ke shirya wasannin kwamfuta, sun yi yajin aiki na kwana uku cikin watan Oktoba 2024, saboda an ce su dawo biro aƙalla kwana uku a mako.

Wannan kira na dawowa ya kan zo cikin tufafin biki. Kamfanoni da dama sun ƙawata zaurukansu, sun raba abinci da kofi kyauta, sun liƙa takardun barka da zuwa a bakin ƙofa. A watan Afrilu 2022, lokacin da Google ya maido ma'aikatansa kwana uku a mako, har mawaƙiya Lizzo aka ɗauko ta yi musu wasa. Sai dai a bayan kiɗan akwai wata magana da kowa ya ji ko da ba a ɗaga murya ba: wanda bai zo ba, aikinsa na cikin haɗari. Daga nan ne tambayar ɗabi'a ke tasowa. Shin ana iya yi wa mutum maraba ta gaskiya alhali da tilas aka kawo shi? In kuwa ana iyawa, mene ne ke kan mai kira, mene ne kuma ke kan wanda aka kira?

Yadda aka watse

Tunanin yin aikin biro daga nesa ya girmi annobar da shekaru masu yawa. Tun a 1973, shekarar da man fetur ya yi tsada a duniya, wani injiniya Ba'amurke mai suna Jack Nilles ya fara nazarin yadda waya za ta ɗauke wa ma'aikata wahalar kai da kawo. Amma abin ya tsaya ga ƴan tsiraru har zuwa ranar 11 ga Maris 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 17 ga Maris Faransa ta shiga kulle. Cikin ƴan makwanni miliyoyin mutane suka mai da teburin cin abinci teburin aiki, taro ya koma kan allon kwamfuta, gaisuwar safe ta koma rubutu.

Ya kamata a tuna tun farko cewa wannan gata bai game kowa ba. Masana biyu na jami'ar Shikago, Jonathan Dingel da Brent Neiman, sun ƙiyasta a 2020 cewa kashi 37 cikin 100 ne na ayyukan Amurka za a iya yi gaba ɗaya daga gida, kuma adadin yana raguwa ƙwarai a ƙasashe matalauta. A Nijar, inda aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar ranar 19 ga Maris 2020, manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da mai tuƙa kabu-kabu ba su da aikin da zai bi waya ya iske su a ɗaka. Waɗanda suka ɗanɗana aiki daga gida su ne wasu ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da bankuna, da kamfanonin sadarwa, galibi a Yamai, su ma gwargwadon yadda wutar lantarki da intanet suka yarje musu. Saboda haka gardamar dawowa biro gardama ce ta Amurka da Turai da Asiya kafin ta zama ta kowa. Duk da haka tambayar da ke ƙarƙashinta tsohuwa ce, kuma Bahaushe ya daɗe da saninta: me haɗuwar jiki ke ƙara wa aiki, kuma da wace fuska ake tarbar wanda ya dawo?

Abin da maraba ke nufi

A gidan Bahaushe tarba tana da tsari. Wanda ya iso daga tafiya, kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, sai an ba shi ruwa, an yi masa shimfiɗa, an gaishe shi. Gaisuwar kuma jerin tambayoyi ce: ina gajiya, ya hanya, ya aka baro mutanen gida. Mai tambaya ya san amsar da zai ji, “lafiya lau”, amma yana tambaya ne domin ya nuna cewa ya san baƙon ya sha hanya, ya bar wasu a baya, kuma zuwansa ya ci masa wani abu. Wannan ita ce ma'anar karin maganar nan da ke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Karin maganar bai ce a bar tabarma ba. Ya jera su ne, ya sa fuska a gaba.

Akwai kuma bambanci tsakanin tarbar baƙo da tarbar ɗan gida da ya dawo. Ƙauyukan Adar da na Damagaram sun san wannan sarai, domin kowace shekara, da alamun damina, ƴan ci-rani na dawowa daga Abijan ko Legas ko Libiya. Dattijon kirki ya san cewa yaron da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya riƙe kuɗin kansa, ya tsara lokacin kansa, ya ga wata rayuwa. In aka tarbe shi da umurni kawai, kamar jiya ya fita, zai yi noman bana da jikinsa, zuciyarsa kuwa tana tasha. In aka zauna aka saurare shi, aka ba sabon hankalinsa wuri a cikin gida, sai tafiyar tasa ta zama riba ga kowa.

Ma'aikacin da ya shekara uku ko huɗu yana aiki daga gida yana cikin irin wannan hali. A tsawon lokacin wani ya yi ƙaura zuwa gari mai sauƙin haya, wata ta haihu ta tsara reno bisa zamanta a gida, wani ya ɗauko tsohuwar mahaifiyarsa yana jinya. Wasu ma an ɗauke su aiki ne a lokacin, ba su taɓa taka biron da ake ce musu su “koma” ba. Saboda haka maraba ta gaskiya tana farawa ne da yarda cewa mutum ya canza, kuma dawowarsa tana da farashi wanda shi zai biya. Kofi na kyauta tabarma ce. Tambayar “ya aka baro mutanen gida”, da niyyar jin amsar, ita ce fuska.

Hujjar mai kira

Adalci ya wajabta a saurari shugabannin da ke kiran mutane su dawo, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Ibnu Haldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya kafa nazarinsa bisa cewa ɗan Adam ba ya iya biyan bukatunsa shi kaɗai, kuma ƙarfin jama'a yana fitowa ne daga danƙon da cuɗanya ke haifarwa. Ya kuma nuna cewa sana'a ana koyonta ne ta hanyar gani da maimaitawa a gaban gwani. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa zumunci a ƙafa yake, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Binciken zamani ya ba wannan tsohuwar fahimta goyon baya. A 2021 mujallar Nature Human Behaviour ta buga nazarin da aka yi kan ma'aikatan Microsoft fiye da 61,000 a Amurka, daga ƙarshen 2019 zuwa tsakiyar 2020. An gano cewa da kowa ya koma gida, kowane rukuni ya ƙara rufuwa a kan kansa: mutane sun ci gaba da magana da abokan aikinsu na kusa, amma hulɗa da na sauran sassa ta ragu. Wato abin da ya fara mutuwa shi ne haɗuwar da ba a shirya ba, irin ta bakin ƙofa da ta wurin shan ruwa, wadda sau da yawa daga gare ta sabon tunani ke fitowa.

Wanda ya fi kowa asara a wannan rabuwa shi ne sabon shiga. Ɗan koyo a maƙera ba ya samun ilimin wuta daga bayani. Yana zaune yana zuga, yana kallon launin ƙarfe, yana jin sautin masaba, har ranar da hannunsa zai gane abin da baki bai faɗa ba. Haka dukawan Damagaram suke gadar da aikin fata. Malaman lakwal ma sun san cewa rabin abin da sabon malami ke koya yana samunsa ne a inuwar da malamai ke zama lokacin hutu, inda wani dattijo zai ce masa: “Malam, yaron nan kada ka tsawata masa gaban jama'a, kira shi gefe.” Irin wannan nasiha ba a kiran taron bidiyo dominta. Tana faɗowa ne saboda mutane biyu suna wuri ɗaya a lokacin da ta dace. Ƙwararren ma'aikaci da ya ce shi ya fi samun natsuwa a gida yana iya zama mai gaskiya, amma ya manta cewa shi ma a gefen wasu ya ƙware, kuma bashin nan yana kansa.

Akwai kuma kaɗaici. A gwajin da masanin tattalin arziki Nicholas Bloom na jami'ar Stanford ya yi tare da abokansa a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai, daga 2010 zuwa 2011, ma'aikatan amsa waya da aka tura gida na wata tara sun ƙara ƙwazo da kashi 13 cikin 100. Amma da gwajin ya ƙare aka ba su zaɓi, kimanin rabinsu suka nemi komawa biro, kuma babban dalilin da suka bayar shi ne zaman kaɗaici. Mutum yana bukatar wanda zai ce masa “sannu da aiki”.

Hujjar wanda aka kira

Sai dai duk wannan hujja tana tabbatar da amfanin haɗuwa ne, ba ta tabbatar da cewa sai kwana biyar cur ba. Shi dai Bloom ɗin ya sake wani gwaji a wannan kamfani, wanda a lokacin ya koma Trip.com, daga 2021 zuwa 2022, a kan ma'aikata 1,612 masu digiri. An bar rabinsu su yi aiki daga gida ranakun Laraba da Juma'a, sauran kuwa suna zuwa kullum. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2024 ya nuna cewa ƙwazon ɓangarorin biyu bai bambanta ba, ƙarin girma ma haka, amma masu ajiye aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku a wajen masu kwana biyu a gida, musamman mata da masu zuwa daga nesa. Ke nan akwai hanyar tsakiya da aka gwada aka ga ta yi. Shugaban da ya tsallake ta ya zaɓi tilas ta kwana biyar, wajibi ne ya faɗi dalilinsa.

A nan ne dokar Faransa ta kama wani abu mai muhimmanci. Tun gyaran dokar ƙwadago na watan Satumba 2017, shugaban da ya hana ma'aikaci aiki daga gida, alhali aikin nasa yana cikin waɗanda tsarin kamfanin ya yarda a yi daga nesa, dole ne ya ba da dalilin hanin. Dokar ba ta ƙwace wa shugaba ikonsa ba, ta dai ɗora masa nauyin bayani. Ta fuskar ɗabi'a wannan nauyi shi ne iyakar da ke tsakanin mu'amala da mutum da kuma sarrafa kayan aiki. Ba a yi wa garma bayanin dalilin da ya sa aka ɗauke ta daga wannan gona zuwa waccan. Mutum kuwa ana yi masa, domin yana da hankalin da zai auna, ya yarda ko ya yi gardama.

Matsala mafi muni ita ce inda dalilin da aka faɗa ya saɓa wa dalilin da ke zuciya. A watan Nuwamba 2024, Elon Musk da Vivek Ramaswamy, waɗanda Trump ya zaɓa a lokacin domin rage kashe kuɗin gwamnati, sun rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa tilasta wa ma'aikatan tarayya zuwa biro kwana biyar zai sa da yawa su ajiye aiki da kansu, kuma su suna maraba da hakan. A nan kalmar maraba ta juya baya: ana kiran mutum ya shigo, amma fitarsa ake jira. Ko me mutum ke gani game da yawan ma'aikatan gwamnati, wannan hanya tana ɓata wani abu mai tsada, domin daga ranar duk wani kira na dawowa, har na shugaba mai kyakkyawar niyya, sai an saurare shi da kunnen zargi. Kuma waɗanda tilas ke fara kora ba malalata ba ne. Su ne mai jego, da naƙasasshe, da mai jinyar iyaye, da kuma gwanin da ke da wurin zuwa.

Akwai ma inda tabarmar kanta ta gaza. A ƙarshen 2024 jaridun Amurka sun ba da labarin cewa Amazon ya ɗage ranar dawowar wasu ma'aikatansa a birane irin su Atlanta da Houston, domin babu isassun wuraren zama. A wurare da yawa kuma ma'aikaci ya kan sha awa guda a hanya, ya iso biro, ya sa abin sauraro a kunne, ya wuni yana taron bidiyo da abokan aikin da ke wani gari. Wanda aka yi wa haka yana da haƙƙin tambaya: haɗuwar da aka kira shi dominta, ina take?

Ido da amana

A ƙarƙashin gardamar akwai wata tsohuwar damuwa ta masu iko: wanda ba a gani, yana aiki kuwa? A 1791 masanin falsafa ɗan Ingila Jeremy Bentham ya wallafa tsarin wani gidan kaso mai da'ira, inda mai gadi ɗaya a tsakiya zai iya ganin kowane ɗaki, fursunoni kuwa ba su san lokacin da ake kallonsu ba, sai kowa ya zama mai gadin kansa. Bentham ya ce tsarin zai yi amfani a masana'antu da makarantu. A 1975 Michel Foucault ya ɗauki wannan gini a matsayin hoton yadda hukumomin zamani ke horar da jikin mutane ta hanyar sa ido. Katin da ma'aikaci ke dangwalawa a ƙofa, wanda wasu kamfanoni ke ƙirga shi domin sanin wanda ya zo, jikan wannan tunani ne. Aiki daga gida ma bai tsira ba, domin an ƙirƙiro manhajojin da ke ƙirga motsin yatsu a kan kwamfuta.

Amma ido yana auna halarta ne kawai. Duk wanda ya taɓa bin wata takarda a ma'aikata ya san biron da ke buɗe, riga na rataye a kujera, mai kujerar kuwa ba a san inda yake ba. Ya kuma san wanda ke zaune daram tun safe har yamma, takardun jama'a na tara ƙura a gabansa. Takardar sa hannun safe ba ta taɓa hana wannan ba. Abin da ke sa aiki ya yiwu a inda babu mai kallo shi ne amana. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin ma'anar mutumin kirki a wajen Hausawa, a 1974, ya jera halaye goma, kuma gaskiya da amana ne a farkonsu, tare da karamci da haƙuri da mutunci da adalci. Amana tana da wata ɗabi'a ta daban: ba ta girma sai an ba da ita. Wanda aka nuna wa cewa ba a yarda da shi ba, ya kan daina ƙoƙarin zama abin yarda, ya koma yin daidai abin da ido zai gani.

A shekarar 2020 kamfanoni sun miƙa wa ma'aikatansu amana ba da son ransu ba, kuma a mafi yawan wurare aiki bai tsaya ba. Mutane sun riƙe shi daga ɗakunan kwanansu, yara na kuka a gefe, wasu na makokin ƴan uwa. Shugaban da ya zo bayan haka yana magana kamar shekarun nan hutu ne aka sha, ya ci amanar da aka riƙe masa. Maraba da ba ta fara da godiya ba ta rasa ƙafarta ta farko.

Darasin gandu

Rabon lokacin mutum tsakanin aikin tarayya da na kansa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A tsarin gandu, wanda masana irin su Claude Raynaut suka yi nazarinsa a yankin Maraɗi, ƴaƴa da ƙanne suna noma babbar gonar gida ƙarƙashin mai gida, amma kowa yana da gamana, ko gayauna, wato ƴar gonarsa, da lokacin da al'ada ta ware masa domin ita. Kwanakin gandu kowa ya san su, kuma a ranakun kowa yana fita, domin noman tarayya ba ya yiwuwa in wannan ya zo yau wancan ya zo gobe. A madadin haka mai gida yana ɗauke da nauyi sananne: ciyarwa, biyan haraji, kayan aiki, da aurar da samari. Inda ya sauke nauyinsa gandu ya kan daɗe. Inda ya ci amfanin gona shi kaɗai, ko ya cinye ranakun gamana, samari su kan ware, kuma ba wanda ke ganin laifinsu.

Kamfanin zamani ba gandu ba ne, domin babu jini a tsakani, kuma kwangila ce ta haɗa mutane. Amma ma'aunin adalcin ɗaya ne. Ranakun haɗuwa su zama sanannu, a kuma cika su da abin da sai an haɗu yake yiwuwa: shawara, koyar da sababbi, sasanta saɓani. Lokacin da mutum ya keɓe wa kansa da iyalinsa a girmama shi. Faransa ta sa wannan a doka tun ranar 1 ga Janairu 2017, da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna haƙƙin ma'aikaci na kashe waya bayan tashi daga aiki. Sannan wanda aka yi wa alkawarin zama a gida lokacin ɗaukarsa aiki, har ya gina rayuwarsa a kai, kada a warware masa da takarda ɗaya. Alkawari kaya ne, kuma in dole ta sa a sauke shi, sai a ba da lokaci, a ɗauki wani ɓangare na asarar.

Nauyin mai dawowa

Shi ma ma'aikaci akwai abin da ke kansa. Na farko shi ne gaskiya da kansa: ya rarrabe tsakanin bukata da jin daɗi, kada ya fake da hujjar mai jego alhali shi barcin safe yake karewa. Na biyu shi ne ya tuna da waɗanda ba su taɓa tafiya ba. A duk tsawon kullen akwai masu gadi da masu shara da direbobi da ma'aikatan jinya da masu sayar da abinci waɗanda suka ci gaba da fita, cikin haɗarin kamuwa, kuma galibi su ne masu ƙaramin albashi. Zaman wasu a gida ya yiwu ne saboda fitar waɗannan. Wanda ya dawo yana ƙorafin cunkoson hanya a gaban mai gadin da bai taɓa samun zaɓi ba, ya yi ƙarancin kunya. In akwai wanda ya cancanci ya tsaya a bakin ƙofa a matsayin mai gida ranar dawowa, to mai gadin nan ne, kuma shi ya kamata a fara gaisarwa.

Malaman Nijar suna da nasu abin tunawa a nan. An rufe makarantun ƙasar ranar 20 ga Maris 2020, aka sake buɗe su ranar 1 ga Yuni. A makwannin nan an ga iyakar karatu daga nesa a ƙasar da yawancin ɗalibai ba su da kwamfuta ko intanet, an kuma ga cewa lakwal ta fi darasin da ke kan allo: wuri ce da yaro ke koyon zama da waɗanda ba ƴan gidansu ba. Malamin da ya tarbi ajinsa a ranar ta farko ya san cewa ba a buɗe littafi daga shafin da aka tsaya kamar ba abin da ya faru. Sai an ƙirga waɗanda suka dawo, an tambayi labarin waɗanda ba su dawo ba, an auna abin da aka manta. Abin da ya dace da yara a aji ya dace da manya a biro.

Amsar tambayar farko ke nan: ana iya haɗa umurni da maraba, domin mai gida yana da ikon kiran mutanensa ranar gandu, kuma kiran ba zalunci ba ne. Amma umurnin yana zama maraba ne kawai in an faɗi dalili na gaskiya, an saurari wanda kiran zai fi yi wa nauyi, an tanadi wuri da abokan zama, an kuma gode wa amanar da aka riƙe a shekarun rabuwa. In waɗannan suka ɓace, abin da ya rage sammaci ne da aka yi wa ado da furanni. Hausawa na cewa tilas ba ta rasa ɗakin kwana, kuma gaskiya ne: mutane za su zo, za su dangwala kati, za su zauna a kujerunsu har lokacin tashi. Amma nasihar da dattijo ke yi wa sabon shiga a inuwa, wadda dominta aka ce a dawo, ba ta cikin abin da kati ke ƙirgawa, kuma mutum ba ya ba da ita sai a wurin da ya ji an tarbe shi da fuska.